Abin da Ke Rubuce a Gindin Kwano

Kowa da abin da yake tarawa a duniya. Wani tattabaru, wani tsofaffin kuɗi, wani kuma kaset-kaset na mawaƙan da suka riga mu gidan gaskiya. Ni tsofaffin kwanuka da farantan tangaran nake tarawa, irin waɗanda iyayenmu mata suka yi jere da su tsakanin shekarun 1940 da na 1970. Yau ina da guda 71, daga langa da samira da fanteka zuwa ƙananan farantai masu fure. Abokan aikina a gidan rediyo sun daɗe da laƙaba mini suna Dillaliya, kuma ina amsawa, domin namijin da ke bin gidajen tsofaffi yana tambayar kwano ai ya shirya wa zolaya.

A ƙasashen Turai akwai masu tara tayil na ado, wato ƴan fale-falen tangaran da ake manna wa bango, har su bi diddigin wanda ya zana kowanne. Mu a Doka ba mu da bangon da za a manna wa irin wannan. Ƙasarmu baƙar laka ce, da damina ta kumbura ta riƙe ƙafar mutum da tayar mota, da rani ta tsage har hannu ya shige. Shi ya sa yawancin ɗakunan da muka tashi a ciki na ciyawa da itace ne, waɗanda ake kira guɗɗiyya a duk faɗin Gadarif. Wanda ke kwana a ɗakin ciyawa ba ya maganar adon bango. Amma son ado bai san talauci ba. Abin da wasu suka manna a bango, iyayenmu mata sun jera shi a kan tebur da cikin kabad mai gilashi, wanda a nan ake ce wa faddiyya.

Jere tsohon abu ne a wurin Bahaushiya, kuma ta taho da shi har nan gabas. Da farko ƙorai ne, masu zane da farar ƙasa. Daga baya masu hali suka shiga tasoshin tagulla. Da kwanon Turai ya zo, mai sheƙi da launi, wanda ba ya fashewa kamar ƙwarya kuma gara ba ta cinsa, sai ya ture su duka. Larabawan nan suna kiransa ɗalis, mu kuwa muna nan a kan kwano da langa. Uwa takan fara saye tun ƴarta tana ƙarama, ɗaya bayan ɗaya, da kuɗin ƙosai da ƙuli-ƙuli da agashe, ta ɓoye a ƙarƙashin gado har ranar da za a kai amarya. Ranar jere kuwa mata sukan cika ɗaki suna ƙirgawa da ido, kowace ta koma gida da lissafin darajar gidan da amarya ta fito.

Wanda ya ɗauka ƙawa ce kawai bai fahimci jere ba. Kwanon jere ba a cin abinci a cikinsa, sai dai a wanke a goge a mayar. Shi ne bankin mace. A nan yankin noman dawa da riɗi, watannin da suka fi tsanani su ne na tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya ƙare kuma sabon amfani bai nuna ba. A lokacin ne ƙaramin manomi ke faɗawa shail, wato ya karɓi kuɗi ko hatsi a wurin ɗan kasuwa a kan zai biya da amfanin gona idan an yi girbi, a farashin da ɗan kasuwar ya yanka. Kakata ta wajen uwa takan ce sau biyu tana fitar da langa ta ba dillaliya don kada kakanmu ya ci shail. Da kaka ta yi ya saya mata wata, amma ba irin waccan ba, kuma har ta rasu tana ambaton furen da ke jikin ta farkon.

Abin da ya fara jan hankalina ga waɗannan kaya ba furen ba ne, rubutun da ke gindinsu ne. A makarantar koyon aikin jarida an koya mana cewa kowane labari a tambaye shi wa, da ina, da yaushe. Idan ka kifa tsohon kwano, sau da yawa zai ba ka amsar ina da kansa. A cikin nawa akwai waɗanda aka buga wa sunan Cekosulobakiya, ƙasar da yau babu ita a taswira, tun da ta rabu biyu a farkon 1993. Akwai masu yawa na Hong Kong, wadda masana'antunta suka cika kasuwannin Afirka da kwano a shekarun 1950. Akwai na Sin. Sannan akwai guda tara da aka rubuta a jikinsu da Turanci cewa a Najeriya aka yi su.

Waɗannan tara ɗin su na fi kallo. Lokacin da Najeriya ta tsaurara haraji a kan kwanon da ake shigowa da shi, wajen samun mulkin kai, sai wasu masu masana'antu na Hong Kong suka ga gara su kwaso injinansu su zo inda kasuwar take. A 1960 aka kafa kamfanin Nigerian Enamelware a Ikeja, aka kuma buɗe irin wannan masana'anta a Kano. Saboda haka duk kwanon Najeriya da na tarar a Doka, na san bayan 1960 ya shigo. Kakanninmu na farko sun riga shi isowa da nisa. Wasunsu sun biyo ayarin da ya yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya zauna da shi a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Wasu kuma maniyyata ne da suka taho a ƙafa, suna tsayawa su yi noma su tara guzuri, har tafiyar shekara biyu ta zama ta rayuwa. Kwanon Kano a ɗakin tsohuwa a Doka shaida ce cewa hanyar ba ta mutu ba bayan su. Wani ya ɗauro shi a bayan babbar mota, ya ratsa Barno da Cadi, ya shigo ta Jinaina, ya wuce Ubayyid, ya iso nan da fentinsa bai ɓare ba. Wata tsohuwa da na saya guda biyu a hannunta ta ce mini ƙanin mahaifinta ne ya kawo mata su gudummawar aure, kuma shi ne mutum na ƙarshe daga danginsu na Hadeja da ta taɓa gani.

A cikin tangaran kuwa, abin da na fi ji da shi faranti ne mai jinjirin wata da tauraro a tsakiya, wanda kakana na wajen uba ya sayo a Jidda. Duk gidanmu sun tashi da yaƙinin cewa kayan Makka ne, har ana wanke rubutu a cikinsa a ba mara lafiya. Da na kifa shi sai na ga hoton gunkin nan na Masar da Larabawa ke kira Abul Haul, da sunan Petrus Regout, da sunan garin Maastricht na ƙasar Holan. Masana'anta ce da ta fara aiki tun shekarun 1830, ta kuma daɗe tana yin farantai masu wata da tauraro musamman don kasuwannin Musulmi, kafin ta bar yin kayan cin abinci a ƙarshen shekarun 1960. Ranar da na gaya wa goggona haka, ta dube ni ta ce, "To, ɗan nan, ko a Holan aka yi shi, ai ya je Makka ya dawo. Kai ka je?" Ban ƙara tayar da maganar a gabanta ba.

Yadda ake yin adon ma abin sani ne. Kwano ƙarfe ne da aka shafe da garin gilashi aka gasa a wutar da ta kai wajen digiri 800, garin ya narke ya zama wannan sheƙin. Furen kuwa akan yanka siffarsa a jikin wani faifan ƙarfe mai laushi, a ɗora a kan kwanon, a fesa launi ta cikin hudar. Kowane launi da faifansa. Shi ya sa idan ka duba da kyau za ka ga ja ya ɗan hau kan kore, ko ganye ya ɗan goce daga reshensa, gwargwadon gajiyar hannun mai fesawar a ranar. Na tangaran kuma wani da soso aka buga shi, sosan da aka yanka da siffar fure, wani kuma a jikin tagulla aka sassaƙa zanen, aka ɗauke shi da takarda mai shara-shara aka manna kafin gashi.

To wa ya zauna ya zana furen tun farko? Masana'antun nan sunansu suke bugawa, da na ƙasarsu, ba sa buga sunan mai zane. Ma'aikaci ne cikin ma'aikata, a biya shi albashi ya tafi gida. Wani mutum a Hong Kong da bai taɓa ganin Bahaushiya ba ya zauna yana lissafin launin da zai burge ta, dillalai suna kawo masa rahoton abin da ya karɓu da abin da ya yi kwantai, yana gyarawa. Ta haka matanmu suka shiga cikin zanen ba tare da sun riƙe alƙalami ba: abin da suka ƙi saye ya mutu, abin da suka so aka yi ta maimaitawa. Da yake kayan sun zo babu suna, su suka raɗa musu. A gidanmu akwai mai-zakara, akwai mai-wata, akwai wata langa da ake ce wa kishiya-ta-gani. Waɗannan sunaye su nake rubutawa a littafina, gefe da gefe da abin da ke gindin kwanon.

Akwai dai waɗanda sunansu ya tsira. A daidai shekarun da kwanon Hong Kong ke cika kasuwa, a tsohuwar Abuja, wadda yau ake kira Suleja, wani Bature mai suna Michael Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950. A gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya ga tulunan wata Bagwariya daga ƙauyen Kwali, domin shi Sarkin da kansa mai tara su ne. A 1954 Ladi Kwali ta shiga cibiyar, ita ce mace ta farko a cikinta. Ta ci gaba da gina tulunanta da hannu kamar yadda ta koya a gida, tana zana musu kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da kifi, sai dai yanzu ana gasa su a wuta mai ƙarfi da ruwan sheƙi. An baje kayanta a Landan tun 1958, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a Minna a 1984. Abin da ya fi burge ni shi ne hatimin cibiyar: sunan Abuja ne da haruffan Larabci, kusa da shi kuma mai ginin yakan buga nasa haruffan. Saboda wannan ɗan tambari, yau ana iya ɗaga tukunya a ce wance ce ta yi. Mu ma a Sudan muna da Muhammad Ahmad Abdalla Abbaro, mutumin Abu Jibeha, wanda ya yi karatun zane a Khartum, ya tafi Landan a 1959 ya ƙware a aikin yumɓu, ya shekara da shekaru yana koyarwa a can har ya rasu a 2016. Kayan waɗannan biyun sun fi ƙarfin aljihun ma'aikacin rediyo. Abin da na mallaka na Ladi Kwali shi ne takardar naira 20 mai hotonta a baya, wadda wani ɗan kasuwa da ya je Kano ya kawo mini tsaraba. Na sa ta a faddiyya tare da kwanukan Najeriya.

Bambancin Ladi Kwali da matar da ke gina mana randa da jabanar shan gahawa a nan ba a hannu kaɗai yake ba. Ita ta samu sarki da ya ajiye aikinta, da wanda ya rubuta sunanta. Sauran kuwa aikinsu ya fashe an zubar a juji, sunansu ya bi shi. Wannan shi ya sa na ɗauki ajiya da rubutu da muhimmanci.

Darasi na biyu daga maƙwabtanmu na Halfa Sabuwa na same shi. Nubawan Wadi Halfa sun shahara da manna farantan tangaran a saman ƙofofin gidajensu, yawanci waɗanda mazajensu masu aiki a otal-otal da gidajen manya na Alƙahira da Iskandariyya suke kawowa. A ƙasar Hausa ma akwai irin haka, domin a tsofaffin soraye na Kano da Zariya akan manna tasa ko faranti a tsakiyar rufi daga ciki, inda bakan gizo suka haɗu. A 1964, saboda madatsar ruwa ta Aswan, aka kwashe mutanen Halfa wajen 50,000 a jirgin ƙasa aka kawo su Khashm al-Girba, arewa da mu. Gidajen suka nutse. Wata Baturiya mai suna Marian Wenzel ta zagaya ta zana adon gidajen kafin ruwa ya ci su, ta fitar da littafi a 1972, kuma yau mai son ganin yadda ƙofofin suke sai ya nemi irin waɗannan hotuna. Ranar tashi mutum yana ɗaukar yaransa da abincinsa ne, adon bango sai wanda Allah ya ba hali.

Na ɗauka wannan tarihi ne na wasu, sai ga shi ya ƙwanƙwasa ƙofarmu. Yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023. A Disamba na shekarar Madani ta faɗi, a ƙarshen Yuni 2024 Sinja ta bi, jama'a suka yi ta kwararowa Gadarif a cikin ruwan sama da taɓo. Mu a Doka mun riga mun saba da baƙi, domin tun ƙarshen 2020 sansanin Um Rakuba da ke kusa da mu ya cika da ƴan gudun hijirar Tigray daga Habasha. Amma wannan karon danginmu ne, masu magana da harshenmu, daga garuruwan bakin Shuɗin Nilu. Makarantu suka cika, kowane gida ya karɓi nasa. Ba a daɗe ba kayan ɗaki suka fara fitowa kasuwa. Da yake na taɓa yin shiri a kan jere, mata sun san akwai wani a rediyo mai sayen tsohon kwano, sai aka fara yi mini sallama a gida.

Wata dattijuwa daga wajen Mai Wurno ta zo da langa ƙunshe a cikin zane. Ta ce da suka fito, abin da ta iya ɗauka ke nan bayan jikokinta biyu, ta zuba gari a ciki ta ɗora a ka. Ta mahaifiyarta ce. Tana son kuɗin maganin jikanta. Na ce, "Iya, nawa za a ba ki?" Ta ce, "Ɗana, ban taɓa sayar da ita ba, ina zan san kuɗinta?"

Daren nan mahaifiyata ta kira ni. Ta ce, "Kai, ka ji tsoron Allah. Da can kana saye a hannun wanda ya gaji da kayansa. Wannan ba ta gaji ba, yunwa ce ta fitar da ita. Mai sayen kayan wanda ke kuka, ko ya biya, da sauran magana." Na ce, "Inna, idan ban saya ba, gobe za ta kai wa masu awon tsohon ƙarfe su ba ta kuɗin burodi biyu." Muka daɗe muna juya maganar, domin kowannenmu yana da gaskiya. A ƙarshe ita ta kawo mafita, irin ta mutanen da. Ta ce a mayar da shi ajiya: in ba ta abin da take bukata, in rubuta sunanta da garinsu in sa a cikin langar, duk ranar da ta dawo da kuɗin, ko ɗanta ko jikanta, kayanta na nan, babu ƙari ko na sisi.

A kan wannan ƙa'ida na karɓi guda 14 a cikin shekara ɗaya. Ba na lissafa su a cikin 71 ɗina, kuma shiryayyensu daban. Kowace mai kaya, idan ta yarda, nakan kunna rikoda in ce ta ba ni labarin kwanon: wa ya saya, a wace kasuwa, a auren wa, me ake kiransa. Aikin rediyo ya koya mini cewa idan ka ce wa tsohuwa ta ba ka tarihin zuwan danginta Sudan, za ta ce ita ba ta san komai ba, a tambayi maza. Amma ka ɗora mata langar uwarta a cinya, sai ka nemi ƙarin batir. A cikin labarin kwano ɗaya za ka ji sunan unguwarsu ta asali a Katsina ko Gumel, da shekarar da aka yi fari, da kishiyar da aka yi gasar jere da ita, da ɗan da ya haye Jidda bai dawo ba.

Bayan hanyoyin Sinja da Madani sun buɗe, a ƙarshen 2024 da farkon 2025, mutane suka fara komawa. Zuwa yanzu an fanshi guda biyar. Dattijuwar Mai Wurno ba ta samu zuwa da kanta ba, jikanta ta aiko, wanda aka yi wa maganin, da kuɗi a ƙulle a bakin ƙyalle da ɗan ƙunshin kuka tukuici. Sauran tara suna nan da takardunsu a ciki. Ina goge su duk Juma'a tare da nawa, kuma na gaya wa matata da ƙanena inda littafin yake, saboda rai.

A gidajen amare na yau ba za ka ga langa ba. Kuloli ne da kayan gilashi da na roba, kuma ban ga laifinsu ba, kowane zamani da jerensa, kamar yadda kwano ya ture ƙwarya. Roƙona ga mai karatu ƙarami ne. Idan akwai tsohon kwano a ɗakin mahaifiyarka ko kakarka, a Kano kake ko Maradi ko Kumasi ko nan Gadarif, kafin a ba yara su kai wa mai gwangwan, ka kifa shi ka karanta gindinsa. Sannan ka kai mata shi ka zauna, ka kunna rikodar wayarka, ka tambaye ta sunansa. Kamfanin da ya yi shi ya riga ya rubuta nasa sunan, saura na wadda ta tara kuɗin ƙosai ta saya.

Allah ya ji ƙan iyayenmu da suka rigaye mu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya mayar da kowa ɗakinsa.